Wanne Ne Bakandamiyarsu? Tarihin Gardamar Masoya a Kan Faya-fayan Beatles

Tsakanin watan Maris na 1963 da watan Mayu na 1970, wasu samari huɗu 'yan birnin Liverpool na ƙasar Ingila, wato John Lennon da Paul McCartney da George Harrison da Ringo Starr, sun fitar da manyan faya-fayai goma sha biyu a ƙasarsu da sunan ƙungiyarsu ta kiɗan rok, Beatles. Shekara bakwai ke nan da 'yan makonni. Daga nan ƙungiya ta watse, kowa ya kama gabansa, biyu daga cikinsu ma sun daɗe da barin duniya. Amma gardamar da masoyansu suka ƙulla a kan waɗannan faya-fayai ta haura shekara hamsin, har yau kuma ba a shafa mata fatiha ba. Tarihin wannan gardama ne za mu bi diddigi a cikin wannan maƙala.

Mu da muke koyar da adabi mun saba karkata hankali ga mawallafi da matani, mu bar mai karatu ko mai sauraro a baya tamkar ɗan rakiya. Ga shi kuwa babu aikin adabin da ya taɓa naɗa kansa bakandamiya. Jama'a ce ke naɗawa, ita ce kuma ke tuɓewa idan ta ga dama. Matsalar manazarci ita ce, ba kasafai yake samun shaidar naɗin da tuɓewar a rubuce ba. A sha'anin Beatles kuwa shaida ta yi yawa har ta zama kaya: ga sharhin jaridu, ga ƙididdigar ciniki, ga ƙuri'un mujallu na shekaru daban-daban. Saboda haka ko wanda bai taɓa jin muryarsu ba zai iya tsintar abin nazari a nan.

Tilas ne tun farko mu bambance faifai iri biyu. Akwai ƙaramin faifan garmaho mai waƙa ɗaya a kowace fuska, akwai kuma babba mai ɗaukar kimanin minti ashirin a kowace fuska, wanda za mu riƙa kira kundi, domin ya yi kama da diwanin da mawaƙi kan tara waƙoƙinsa a ciki. A farkon shekarun 1960 ƙaramin faifai shi ne na matasa, domin shi ne daidai aljihunsu, shi ne kuma rediyo ke sakawa. Kundi kuwa kamfanoni sun ɗauke shi a matsayin buhun da ake cikawa da abin da ya samu. Kundin Beatles na farko, Please Please Me, yana da waƙoƙi goma sha huɗu, goma daga ciki a rana ɗaya aka ɗauke su, ranar 11 ga Fabrairu, 1963, a kan kuɗi kimanin fam 400. Abin da suka saba rerawa a gidajen rawa ne suka zo suka juye a gaban na'ura. Duk da haka ya yi mako 30 a saman jerin kundayen da suka fi kasuwa a Birtaniya, kuma wanda ya ture shi kundinsu ne na biyu.

Masoyan wannan lokaci ba su da wata gardama a kan kundi, hasali ma ba sauraro ya kai su wurin wasa ba. A filin Shea da ke birnin New York, a watan Agusta na 1965, mutum 55,600 suka taru, kuma ihun da suke yi ya danne kiɗan har su kansu makaɗan ba sa jin abin da hannayensu ke yi. Wannan so ne na gani da ido da na shiga taro. Shi ya gajiyar da makaɗan, har suka yi wasansu na ƙarshe na sayen tikiti a San Francisco ranar 29 ga Agusta, 1966, suka koma ɗakin ɗaukar murya na kamfanin EMI da ke titin Abbey a Landan suka tare.

To, idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Ɗalibin nazarin waƙa ya san cewa makaɗin baka ba ya maimaita waƙa daidai wa daida sau biyu, domin wuri da taro suna shiga cikin waƙar, ita kuwa rubutacciya tana zaune a takarda, ana iya komawa gare ta a ƙirga ƙafafunta. Abin da ya auku ga Beatles daga kundin Rubber Soul na ƙarshen 1965 zuwa Revolver na 1966 ya yi kama da ƙaura daga waƙar baka zuwa rubutacciya. Sun shiga juya zaren naɗi yana tafiya da baya, suna sa kayan kiɗan Indiya da na gargajiyar Turai, suna yin abubuwan da ba za su yiwu a kan dandamali ba. Shaidar haka ita ce, a rangadinsu na ƙarshe ba su rera ko waƙa ɗaya daga cikin Revolver ba, alhali kuwa kundin sabo ne fil a kasuwa. Da aka zo kan Sgt. Pepper's Lonely Hearts Club Band a 1967, an ƙiyasta cewa sun ci awa 700 a ɗakin ɗaukar murya, aka kuma kashe kimanin fam 25,000. Daɗin daɗawa, aka buga baitocin waƙoƙin duka a bayan bangon kundin, abin da ba a saba gani a kundin rok ba. Wato dai an miƙa wa masoyi matani a hannu. Wanda dā yake ihu a fili, yanzu ya zauna a ɗaki, bango a cinya, yana bin baiti da yatsa. Daga wannan zama ne gardama ta samo asali.

Sai dai kafin a tambayi wanne ya fi, akwai tambayar da ta riga ta, wadda duk wanda ya taɓa gwada kwafe-kwafen rubutun hannu na waƙa ɗaya ya san zafinta: wanne ne ainihin matanin? Kamfanin Capitol da ke sayar da faya-fayansu a Amurka bai ɗauki kundi a matsayin aiki guda mai kai da ƙafa ba. Kundin Ingila kan zo da waƙoƙi goma sha huɗu, shi kuwa Capitol sai ya rage su zuwa sha ɗaya ko sha biyu, ya tara rarar ya haɗa wani kundin dabam ya sa masa suna. A Revolver na Amurka an cire waƙoƙi uku, dukkansu na Lennon, aka bar shi da biyu rak a cikin biyar. Ashe ke nan Ba'amurken da ya ce Revolver bai burge shi ba a 1966, da Baturen Ingila da ya ce ya burge shi, ba a kan abu ɗaya suke magana ba. A Rubber Soul kuma an cire huɗu aka cusa biyu daga wani kundin, sai ya fito da taushin jita marar lantarki fiye da na asali. Abin mamaki, wannan aika-aikar kamfani ta yi wa Amurkawa da yawa daɗi, har yau akwai masu rantsuwa cewa nasu ya fi na Ingila tsari. Sai daga Sgt. Pepper ne jerin waƙoƙi ya zama ɗaya a ƙasashen biyu.

A 1987, da aka mayar da kundayen kan faifan sidi, aka ɗauki tsarin Ingila aka mai da shi na duniya baki ɗaya. A ganinmu wannan hukunci daidai ne, domin shi ne tsarin da makaɗan da mai kula da ɗaukar waƙoƙinsu, George Martin, suka zauna suka shirya. Amma wannan hujja ba ta shiga kunnen wanda ya tashi da na Capitol ba. Shi a wurinsa idan waƙa kaza ta ƙare, kunnensa ya riga ya tari wadda ke biye, to sai ga wata baƙuwa ta faɗo. Sabo, in ji masu iya magana, turken wawa, amma a nan turke ne mai kasuwa, domin a 2004 an fara sake fitar da kundayen Amurka yadda suke, aka kuma maimaita a 2014.

Akwai wata rigimar matanin da ta fi wannan zurfi. A shekarun 1960 akan tace sautin kundi iri biyu: na kafa ɗaya, wanda duk kiɗa da murya ke fitowa a dunƙule, da na kafa biyu, wanda ake rarraba su tsakanin lasifikar dama da ta hagu. Yawancin gidaje a lokacin garmaho mai lasifika ɗaya gare su, saboda haka na kafa ɗaya ne makaɗan ke zama a tace a gabansu. Na kafa biyu na Sgt. Pepper ma'aikata aka bar wa suka gama cikin 'yan kwanaki. Da zamani ya juya, na kafa biyu ya mamaye kasuwa, sai ya kasance miliyoyin mutane sun shekara arba'in suna yabon kwafin da masu shi ba su tsaya a kansa ba. Bambancin kuwa ba na wasa ba ne, domin waƙar She's Leaving Home ta fi sauri da tashin murya a na kafa ɗaya. Sai a watan Satumba na 2009 aka fitar da na kafa ɗaya a akwati guda a kan sidi, a 2017 kuma ɗan George Martin, wato Giles, ya sake tace kundin. Matani uku ke nan ga kundi ɗaya, kowanne da jama'arsa.

Idan aka ba mutum matani, ba a iya hana shi tawili, kuma a nan ne so ya nuna ɗaya fuskar tasa. A kakar 1969 jita-jita ta bazu a jami'o'i da gidajen rediyon Amurka cewa McCartney ya mutu a haɗarin mota tun 1966, an sa wani mai kama da shi a gurbinsa, sauran ukun kuma sun ɓoye alamomi a cikin kundayensu. Hoton bangon Abbey Road, inda su huɗun ke tsallaka titi a jere, aka ce jerin masu kai gawa ne: na gaba mai fararen kaya shi ne limamin coci, mai baƙaƙe shi ne mai shirya jana'iza, na ƙarshe mai kayan aiki shi ne mai haƙa kabari, McCartney kuwa da ke tafe ba takalmi shi ne mamacin. Aka karanta lambar wata mota da ke gefen titi, aka juya faya-fayai da yatsa suna tafiya da baya ana neman saƙo. Sai da mujallar Life ta bi shi har gonarsa a Sikotilan ta buga hira da shi a watan Nuwamba. Muna iya yin dariya, amma mu lura da cewa dabarun da waɗannan matasa suka yi amfani da su, na bin alama da kwatanta wannan wuri da wancan, su ne muke koyarwa a aji. Abin da suka rasa shi ne tambayar ko matanin zai iya ɗaukar nauyin da aka ɗora masa. Tun a 1968 Lennon ya yi waƙar Glass Onion domin ya yi wa masu irin wannan tono shaguɓe, sai suka mai da ita ma hujja.

Wani tawilin kuwa jini ya zubar. Charles Manson ya saurari farin kundinsu na 1968 ya ce wai yana jin busharar yaƙin launin fata a ciki, musamman a waƙar Helter Skelter, wadda sunanta a Ingila na wani abin sulu ne da yara ke hawa a filin wasa. Mabiyansa suka yi kisan gilla a Los Angeles a watan Agusta na 1969. Shi kansa Lennon, mutumin da ya harbe shi a New York ranar 8 ga Disamba, 1980, tsohon masoyin Beatles ne, ya ma karɓi sa hannunsa a kan faifai 'yan awowi kafin nan.

Wannan farin kundi ya cancanci mu ɗan dakata a kansa, domin babu wanda masoya suka fi sa wa hannu kamarsa. Faifai biyu ne, waƙoƙi talatin, bangonsa fari fat sai suna da lambar kwafi. George Martin ya so a tace shi ya koma faifai ɗaya, makaɗan suka ƙi. Tun daga lokacin ya zama wasa a tsakanin masoya kowa ya zaɓi sha huɗu ko sha biyar da zai bari, kuma da wuya a sami biyu da zaɓinsu ya zo ɗaya. Wannan a ganinmu shi ne amsar da ta fi ƙarfi ga Martin, domin in da akwai ƙaiƙayin da kowa ya yarda ƙaiƙayi ne, da tuni an sheƙe shi. Cikin waƙoƙin da aka fi ja-in-ja a kansu akwai Ob-La-Di, Ob-La-Da, wadda ta shafe mu ta wata fuska, domin McCartney ya ɗauko sunanta ne daga bakin wani makaɗin ganga ɗan Nijeriya mazaunin Landan, Jimmy Scott, wanda ya mai da kalmomin sararsa. Scott ya buga ganga a wani ɗauka na farko da aka ajiye, bai fito ba sai a 1996. Lennon ya tsani waƙar, masu ganin kansu ƙwararrun masoya sukan sa ta a sahun farko na abin zubarwa, amma da ƙungiyar Marmalade ta rera ta sai da ta hau saman jerin Birtaniya a farkon 1969. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Yanzu sai mu dawo kan sarautar kanta. Sgt. Pepper ya hau karaga tun ranar fitarsa. Ya yi mako 27 a saman jerin Birtaniya da 15 a na Amurka, ya kuma zama kundin rok na farko da ya ci kyautar Grammy ta kundin shekara. Da wani matashin mai sharhi, Richard Goldstein, ya kushe shi a jaridar New York Times a watan Yuni na 1967, yana ganin ado ya fi nama yawa, wasiƙun fushi suka yi wa jaridar ruwa. Mujallar Rolling Stone ta sa shi na ɗaya a 1987, ta sake sa shi na ɗaya cikin kundaye 500 a 2003. Revolver kuwa ya fito da ƙafar hagu a Amurka. Ban da yankan da Capitol ya yi masa, fitarsa ta zo daidai da rikicin wata magana da Lennon ya yi yana gwada farin jinin ƙungiyarsu da na Annabi Isa, wadda ta sa aka riƙa ƙona faya-fayansu a kudancin ƙasar. Amma da sidi ya kai wa Amurkawa cikakken kundin, matasan makaɗan Ingila na shekarun 1990 kuma suka riƙa ɗebo salonsu daga gare shi, sai tauraronsa ya fara haske. Tashar VH1 ta sa shi na ɗaya a 2001. A 2010 kuma jaridar fadar Paparoma, L'Osservatore Romano, ta sa shi a kan gaba a nata jerin, shekara arba'in da huɗu bayan ƙone-ƙonen da aka yi da sunan addini.

Me ya jawo wannan juyi, alhali ko ɗigo ba a ƙara a waƙoƙin ba? Mu dai abin da muka fahimta shi ne, waɗanda suka naɗa Sgt. Pepper sun naɗa shi ne tare da bazarar 1967 da ƙuruciyarsu. Sun ji shi a lokacin da babu irinsa, mamaki kuwa ba a gadonsa. Wanda aka haifa bayan shekara ashirin ya riga ya ji dabarun a bakin ɗaruruwan masu kwaikwayo kafin ya iso ga tushe, saboda haka abin da ya rage masa shi ne ya auna waƙa da waƙa, a wannan ma'auni kuwa Revolver ba ya jin tsoron kowa. Ba mu ce Sgt. Pepper ya faɗi wanwar ba. Waƙarsa ta rufewa, A Day in the Life, tana nan daram, kuma da an bar masa Strawberry Fields Forever da Penny Lane, waɗanda aka ɗauka dominsa amma aka fitar a ƙaramin faifai saboda matsin kasuwa, da maganar ta sha bamban. Martin da kansa ya yi nadamar cire su, masoya da dama kuma sukan mayar da su ciki idan suna shirya nasu jerin.

Haka ma labarin da ke kewaye da kundi yakan sauya ɗanɗanonsa. Let It Be ya fito a watan Mayu na 1970, bayan an riga an san ƙungiya ta watse, tare da wani fim mai nuna su cikin ɗaurin fuska. Shekara hamsin ana jin sa a matsayin kundin rabuwa, ana kuma zargin Phil Spector da lafta masa goge da 'yan amshi, abin da ya ɓata wa McCartney rai har ya sa aka fitar da wani kwafin marar wannan ado a 2003. Sai a 2021 Peter Jackson ya tace hotunan da aka ɗauka a watan Janairu na 1969, kusan awa sittin, ya fitar da shiri na kusan awa takwas, inda aka ga saɓanin yana nan, amma ga raha, ga aiki tare, ga waƙar Get Back tana tsirowa daga hannun McCartney a gaban ido. Gani ya kori ji. Mutane suka koma wa kundin da suka daɗe da yi wa hukunci da wani kunnen dabam.

A 2020 Rolling Stone ta sake ƙuri'arta da sababbin masu zaɓe, mata da baƙaƙen fata da matasa sun fi na dā yawa a cikinsu. Kundin Marvin Gaye, What's Going On, ya zo na ɗaya. Sgt. Pepper ya gangaro zuwa na 24, Revolver ya tsaya na 11, wanda ya wuce gaba a cikin na Beatles kuwa shi ne Abbey Road, a matsayi na 5, kundin da wasu masu sharhi suka karɓa da sanyin jiki a 1969 suna cewa santsinsa ya yi yawa. Mashigin titin da ke bangonsa tun 2010 hukumomin Ingila suka sa shi cikin wuraren tarihi da doka ta kare, masoya daga ko'ina suna tare motoci domin su ɗauki hoto a kai.

Sai dai masu wannan ƙuri'a suna auna kundi ne a zamanin da kundin kansa ya fara kwancewa. Tun daga jajibirin Kirsimeti na 2015, da aka sa waƙoƙin Beatles a manhajojin sauraro ta intanet, yaro na iya tsinko waƙa ɗaya ya bar sauran, bai san fuska ta ɗaya ko ta biyu ba, bai san wadda ke gabanta ko bayanta ba. Manhajojin kuma suna ƙirga kowane sauraro, wato ƙuri'ar da ba mai sharhi a tsakani. Waƙar Beatles ta farko da ta kai sauraro biliyan ɗaya a Spotify, a shekarar 2023, ita ce Here Comes the Sun ta cikin Abbey Road. Ba ta fita a ƙaramin faifai ba a Ingila ko Amurka a zamaninta, kuma George Harrison ne ya yi ta, ƙaramin cikinsu, wanda Lennon da McCartney suka saba ba shi gurbin waƙa ɗaya ko biyu a faifai.